Ranar da Na Kashe Inji a Mushairib

Maigidana a Doha injiniya ne, kuma ba shi da maƙiyi a duniya kamar kwal. Aikin kamfaninsu shi ne lallashin ƙasashen da ke ƙona kwal don samun lantarki su rage, su koma gas da hasken rana. Gas ɗin kuwa, ba sai an faɗa ba, a nan za a saya. Ni nawa aikin tuƙi ne da sauraron jawabi. Daga gidansa har unguwar Mushairib yana kujerar baya yana bitar abin da zai gaya wa baƙi: hayaƙi ya yi yawa, duniya na ɗumama, kowa ya rage nasa.

Maganar ta shige ni, don ƙauyenmu a Gombe yana bakin ramin haƙar kwal. Tifofi ke kwasarsa zuwa wata masana'anta da ke ƙona shi ta samu wutarta, mu kuwa ko ƙwan lantarki ɗaya babu a gidanmu. Inna in ta shanya farin zane, ruwan toka take kwashe shi. Tari ya zame mata abokin zama, maganinta kuma daga aikin nan nawa yake fita.

To mu direbobin Doha muna da ƙa'ida: ba a kashe inji. Maigida ya shiga taro, kai kana waje iyakwandishan na aiki, don ya fito ya tarar da mota kamar randa. Sai ka ga manyan motoci sun jeru suna gurnani, masu su kuma suna sama suna jimamin hayaƙi.

Wata rana ana tsananin zafi, irin wanda iska ke bugun fuska kamar an buɗe tukunya, na ce bari in taimaki duniya. Na murɗe makulli, na koma inuwa. Wani dattijon direba ɗan Kumasi ya bi ni da ido.

"Massa, ka kashe? Doha ya ishe ka ne?"

"Ai maigida ne ya ce kowa ya rage hayaƙi."

"Kowa ɗin da suke faɗi yana can wani ƙasa, ɗana. Je ka tayar."

Ban tayar ba. Can sai ga maigida da babban baƙonsa, wanda kamfanin ya daɗe yana zawarcin ƙasarsu ta bar kwal. Baƙon ya zauna kan kujerar fata, ya zabura kamar ya hau kasko.

"Motar ta lalace ne?" in ji maigida.

"Lafiyarta lau, ranka ya daɗe. Hayaƙi na rage."

Baƙon ya yi dariya har da buga cinya. Maigida bai yi ba. Sai da muka ajiye mutumin a otal ɗinsa a unguwar Corniche sannan ya yi magana, a hankali, abin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Kwal muke yaƙa, ba fetur ba. Ka sake yi, khalas, shi ke nan, sai gida."

Bakina cike yake da amsa, har da jawabinsa da na haddace. Amma na tuna kwalaben maganin Inna. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na ji haushinsa, na fi jin haushin kaina.

Washegari ina jiransa a wurin jiya na kira Inna. Na jira ta gama tari, muka gaisa.

"Ƙarar mece ce nake ji?"

"Inji ne, Inna. Motar ake sanyaya wa."

"Kai kaɗai a ciki?"

"Ni kaɗai."

"Allah ya ƙara daɗi," in ji ta, da zuciya ɗaya. Sai ta ce in yi haƙuri, ga tifofi nan sun taso, za ta je ta kwashe shanya.

Na ajiye wayar. Injin na ci gaba da gurnani, ban taɓa makullin ba.