Miyar Gidan Maccido

Duk wanda ya zauna ciyayya a ƙofar gidan Liman Yusha'u a Goronyo ya san Maccido manomin albasa. Ba don albasar ba. Don cin tuwo.

Ciyayyarmu tsohuwa ce: bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera, a ci ɗaya bayan ɗaya. To, Maccido ba ya tauna. Wallahi ban taɓa ganin muƙamuƙinsa ya motsa ba. Loma daga hannu sai maƙogwaro, kamar ana zuba hatsi a buhu. Kafin ka gama bisimilla ya kai gindin kwano. An ce wata rana ya haɗiye ƙashin kifi da tsinken da ya faɗa miya, bai ko yi tari ba.

Sai ciki ya ce ya gaji. Ciwo ya murɗe shi a fadama, anka ɗauko shi a amalanke. Malamar asibiti ta duba shi, ta ce, "Baba, jininka kamar na saurayi, amma cikinka ya kusa hujewa. Ka zauna, ka dubi abinci, ka shinshina, ka tauna har ya narke. In ba haka ba, wuƙar likita ce."

"In shinshina? Ni akuya ne?"

"Ko akuya tana tuƙa, Baba."

Maccido na tsoron wuƙa fiye da kunama, don haka ya bi umarni. Amma a ciyayya, mai tauna ai da yunwa zai kwana. Ranar farko ya yanki loma, ya kai ta hanci, ya rufe ido yana juya ta a baki. Siddiƙu mai gyaran injin ban-ruwa ya ce, "Mi ya samu wanga? Ko tuwon yake wa addu'a?" Kafin ya buɗe ido mun share kwano biyu. Ni ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Shekara da shekaru yana cinye muna rabo, yau ga shi yana hira da loma ɗaya!

Ya rame. Wando ya fara zame masa. Har ya ce gara a yanka shi ya huta. Liman ya ce, "Maccido, ga kwanon gidanka can, mun bar maka. Ci a natse."

Ya yi ta godiya, yana cewa mu mutanen kirki ne. Mu kuwa kowa ya sunkuyar da kai, domin kwanon nan dama ba mai taɓa shi sai shi.

Ya ja kwanon. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Ya duba, ya shinshina, ya sa a baki. Ya tauna. Ya ƙara taunawa. Sai ya buɗe ido.

"Jama'a, miyag ga ba gishiri."

Kowa ya dubi kwanonsa.

"Yau Uwaliya ta manta," in ji Maccido, yana nufin matarsa.

Siddiƙu ya kasa daurewa. "Yau? Tun shekarar da ruwa ya ci fadama!"

"Kun sani?"

Yo wa zai ce wa magidanci miyar matarsa lami ce? Mu dai muna tsallake kwanon, shi kuma yana haɗiyewa yana hamdala.

Ya tashi da kwanon a hannu ya nufi gida. Mu ma munka bi shi har zaure, don katangar gajera ce kuma mu ba waliyyai ba ne.

"Uwaliya! Miyag ga ba gishiri!"

Munka ji ludayi ya faɗi. Sai Uwaliya ta ce:

"Malam, ka tuna ran da ruwa ya janye? Komai namu ya tafi. Na sayar da 'yan kunnena na sawo kifi, na wuni ina yi maka miya don zuciyarka ta yi sanyi. Ka haɗiye. Na ce yaya ka ji? Ka ce, 'Mi anka dafa?' Ran nan na rantse ba ni ƙara sa gishiri a kwanonka sai ka tambaya da bakinka. Na ɗauka gobe za ka tambaya."

Na shiga zauren nan don in yi dariya, amma dariyar ba ta zo ba. Siddiƙu ya hau gyaran hularsa.

Can sai munka ji Maccido ya zauna a tabarma. Ya sake yankar loma, ya daɗe yana tauna.

"Akwai daddawa," ya ce a hankali. "Da tafarnuwa. Da wani abu mai ƙamshi, ban san sunansa ba."

"Kimba ce. Kullum ina sawa."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya ce ta miƙo gishirin. Ta ce a'a, malamar asibiti ta yaba jininsa, ba ita za ta ɓata shi ba. Sai ta jawo kujera ta zauna gabansa, tana kallonsa yana ci.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce.

Tun ran nan kwanon gidan Maccido bai ƙara fitowa ciyayya ba.