Ruwan da Na Zuba wa Makankarin Ƙanina

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a Madina, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a sashenmu. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan. Duk ɗan ƙasarmu da takardarsa ta rikice ni ake turo wa, ana kirana Dakta har ƙofar masallaci. Ana nan sai aka ɗauko wani malami daga gida, wanda na girme wa nesa ba kusa ba. Ni na tarbo shi a filin jirgi, a gidana na unguwar Ƙiblatain ya zauna har ya sami ɗaki. Yaya yake kirana, ni ma ƙanina nake ce masa a gaban mutane.

Bincikensa a kan wani ɗan makankari ne na teku, baƙi, mai ɓawo biyu, bai kai kan babban yatsa ba. Yana manne wa dutse da wasu zarurruka da yake fitarwa, ya saki ƙwayayensa cikin ruwa igiya ta kwashe su. Asalinsa Bahar Maliya, amma ya bi mashigin Suez ya faɗa Bahar Rum, ya lulluɓe duwatsun gaɓa har 'yan asalin wurin suka rasa masauki. Abin da ke hana ƙanin nawa barci shi ne yadda wannan ɗan mitsitsin abu ya ratsa tafkunan da ke tsakiyar mashigin, waɗanda gishirinsu ya fi na teku. Duk ƙarshen mako sai ya tuƙa mota zuwa Yanbu da ke gaɓar Bahar Maliya, ya ɓamɓaro su daga dutse, ya dawo da jarkokin ruwan teku, ya zuba su a akwatunan gilashi a ɗakin gwaji. Da farko dariya nake masa, in ce an bar Najeriya an zo birnin Manzo kiwon katantanwa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Shugaban sashenmu, wanda bai taɓa leƙa ofishina ba, ya koma tsayawa a gaban akwatunan nan yana gyaɗa kai. Ɗalibaina suka fara cewa a mayar da su ajinsa. Ranar da na ji an kira shi Dakta a wata walimar suna, ni kuma ina zaune ba wanda ya waiwaye ni, wallahi abincin bai wuce mini ba. Na yi hassada, hassada irin wadda ke sa mutum ya ƙi amsa sallama. Kwantiraginsa na shekara biyu ne, kuma kowa ya san sabunta shi, da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, gaba ɗaya, sun rataya ne a kan sakamakon binciken.

Sai mahaifiyarsa ta kwanta rashin lafiya, ya nemi hutun mako shida. Ni ya damƙa wa mabuɗin ɗakin gwajin. Ya nuna mini layin da ya ja da jan alƙalami a jikin kowane gilashi, ya ce in ruwa ya ragu in cika da ruwan daɗi zalla, domin ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan. Na ce masa ya tafi kawai, ai ni na riga shi sanin wannan. Na kuwa sani, shi ya sa na yi ta cikawa da ruwan teku. Ruwa yana kan layi daidai, ba mai ganewa, gishiri kuwa sai hauhawa yake. Na auna shi sau biyu, na ga ya zarce na teku nesa. Nufina su mutu a ce zafin Madina ne. Wasu sun mutu, amma da yawa suka rufe ɓawonsu suka ƙi, har na riƙa tsayawa ina hararar su. Ana gobe zai dawo na zubar da ruwan, na sa sabo.

Ya dawo ya tarar da kusan rabi sun mutu, sauran sun daina girma, ya auna ruwa ya ga lafiya lau. Sai ya yanke cewa halittar ba ta da juriyar da yake zato, tunda ruwa mai kyau ma ya gagare ta. Ya rubuta haka, aikin ya zama ba komai, ba a sabunta masa kwantiragi ba. Ni na mayar da shi filin jirgin da na ɗauko shi. Ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa wahalar da ya ɗora mini, ya ce bai taɓa samun yaya kamata ba.

Bayan wasu shekaru na karanta cewa masu bincike sun tabbatar wannan makankari yana jure gishiri mai tsanani. Waɗanda suka rayu a ruwan da na ɓata su ne amsar da yake nema, na gan ta da idona, ma'auni yana hannuna, na kwarara ta a magudana. Da na faɗi gaskiya a ranar, kunya kawai zan sha, shi kuwa da ya tsira da aikinsa. Na tambayi labarin aikinsa daga baya, aka ce ya bar bincike tuni, yana koyarwa a wata sakandare.

Jama'a, na koyi cewa mai hassada ba ya tsayawa a ɓarna ɗaya, sai ya ƙara ta biyu don rufe ta farko, kuma ta biyun ce ta kashe aikin ƙanina. In ɗan'uwanka ya ba ka amana alhali zuciyarka ba ta tare da shi, ka ce ba za ka iya ba tun da wuri. In kuma ka riga ka ɓata, ka faɗa tun gaskiyar tana da amfani. Har yau duk Sallah yana aiko mini da gaisuwa, yana ce mini Yaya, ni kuwa ban iya gaya masa ba.