Ranar da Aka Manta da Wutsiya

Ƙanena mai gyaran keke ne. Shekara talatin da biyu yana zaune a rumfa ɗaya a bakin titi, da kwanon ruwan gwada tiyub, da famfo, da akwatin sifanu wanda murfinsa ya daɗe da ɓallewa. Ni na goya shi, saboda haka ina da hurumin cewa haƙurinsa ya wuce hankalinsa.

Akwai wata ƙungiya ta masu hawan keke da ke kawo masa gyara, mutum goma sha huɗu: malaman makaranta, ma'aikatan banki, da wani likitan haƙori wanda shi ne shugabansu. Sau ɗaya a shekara suna ratsa hamada, tafiyar kwana biyar a kan kwalta guda da ba ta da inuwa ko ta akuya. Da suka ga iya aikinsa, suka ce ya shigo cikinsu. Suka ba shi riga ruwan lemo da usur, suka ajiye shi a ƙarshen layi. Tun daga ranar sunansa ya koma Wutsiya.

Iskar can ba ta san girman kowa ba. In ta bugo daga gefe, sai su jeru a karkace, kowa ya fake da kafaɗar na gabansa. Kafin a zo kan na ƙarshe faɗin titi ya ƙare, shi kam ba mafaka. Kuma suna da doka: ba a waiwaye. Tayoyi na kusa da juna, wanda ya juya kai zai zubar da mutum biyar. Duk abin da ke baya na Wutsiya ne. Wanda tayarsa ta fashe, shi zai yi masa faci, ya shiga gabansa ya tare masa iska har ya mayar da shi cikin ayari. In an yada zango, shi zai ƙirga kawuna ya busa usur sau biyu, ma'ana kowa ya iso.

Na taɓa tambayarsa, "To kai wa ke ƙirga ka?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ni da ba na ɓacewa?"

A shekara ta tara, ranar ƙarshe, saura kilomita arba'in su shigo gari, wata wayar ƙarfe ta yanke tayar likita. Tiyub ɗin ya tsage yadda faci ba zai kama ba. Ƙanena ya ciro na ƙarshe da ya rage a jakarsa ya sa masa, ya ba shi rabin ruwan gorarsa, ya ja shi kusan awa guda iska na dukan ƙirjinsa har suka kamo ayari. Likita ya shige tsakiya ya gyara zama. Ba a yi minti goma ba tayar ƙanena ta baya ta fashe, fashewar da ta fi ƙarfin faci.

Ya busa usur har kunnensa ya yi ƙara. Iska daga gaba take zuwa, ta kwashe busar ta yi baya da ita. Yana tsaye yana kallon riguna ruwan lemo suna ƙanƙancewa. Waya ba ta kamawa a wurin, motar da ke ɗaukar musu kaya kuma tun safe ta wuce gaba.

Mu iyalai muna jira a harabar wata makaranta a bakin gari, ni da matarsa da kular ruwan sanyi. Da azahar suka shigo, aka yi tafi, aka rungumi juna, aka jeru aka ɗauki hoto. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Goma sha huɗu.

Na tare likita na ce, "Ina ƙanena?"

Ya ce, "Yana baya, Mama. Ai kullum yana baya."

"Kun ji usur?"

Suka dubi juna kamar ɗaliban da aka kama ba su yi aikin gida ba. Wani malamin lissafi, malamin lissafi fa, ya buɗe baki ya ce, "Ai shi ke ƙirgawa."

Ba zan rubuta abin da na faɗa masa ba, jikokina suna karatu. Na cafki hannun likita na tura shi cikin motar kaya, na shiga gaba, na ce wa direba ya juya.

Mun same shi saura kilomita goma sha biyu. Ya tuɓe rigar ƙungiyar ya yayyaga ta, ya cusa cikin taya a madadin tiyub, yana tafe a kai keken na kwaram-kwaram. Leɓɓansa sun tsage, rairayi ya cika girarsa, gorar ba ko ɗigo. Na miƙa masa ruwa, ya sha, ya dubi likita da jajayen idanu. Na ce a raina yau dai zan ji ƙanena ya yi faɗa.

Sai ya ce, "Likita, kowa ya isa lafiya? Tayar ta riƙe?"

Wallahi saura kaɗan in kwaɗa masa kular a ka.

Likita ya kama rantse-rantse, ya ce a ɗora keken a mota. Ƙanena ya ƙi. Ya ce shekara tara bai taɓa shiga gari a mota ba, ba zai fara yau ba. Na san taurin kansa, gado ne. Lokacin iska ta juya tana zuwa daga gefe, sai na ce wa direba ya koma ɓangaren da take bugowa ya bi shi a hankali, kafaɗa da kafaɗa. Haka muka tafi kilomita goma sha biyu, mota na tare masa iska. Can ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ashe haka suke ji? Ai wannan barci ne."

Da muka iso harabar, kafin kowa ya fara ba da haƙuri, na zare usur daga wuyansa na rataya wa likita. Na ce, "Ka iya ƙirga haƙora talatin da biyu, mutum goma sha biyar ba za su gagare ka ba."

Na so ya bar su. Bai bar su ba. Amma bana a tsakiya ya hau, ƙarshen layi kuma karɓa-karɓa suke yi, mutum biyu a jere, kowa da ranarsa. An ce likita ya yi tasa ranar ya sauka ƙafafunsa na rawa.

Hoton nan na mutum goma sha huɗu yana nan rataye a ɗakin jiran likita. Watan jiya na je cire haƙori, na ce masa ko ya sauke shi ko in tafi da haƙorina. Ya sauke.