Tudun da Odell Ya Goge

Shekara ashirin da biyu ina aikin taya a garejin motocin tsere na Hartsell da ke bayan garin Mooresville, kuma a tsawon lokacin nan ban taɓa ganin Odell Shuford ya wuce mota bai shafa ta ba. Ko motar baƙo ce aka ajiye a bakin ƙofa, sai ya ja tafin hannunsa a jikinta daga fitila har baya, ya ɗan taɓe baki, sannan ya wuce. Matarsa Faye takan ce ko tukunya ya gani a lotse a kicin, abinci ba ya shiga cikinsa sai ya bubbuge ta ta dawo daidai.

Ubansa ma'aikacin masaƙa ne, shi kuma ya rantse ba zai mutu da ƙurar auduga a ƙirji ba. Yana ɗan shekara sha shida ya bar makaranta ya shiga shagon gyaran bodin mota. Can tsoho Hartsell, mahaifin Grady da ke riƙe da garejin yanzu, ya gan shi ya ɗauko shi. A zamanin nan da hannu ake ƙera jikin motar tsere. Za a kawo falankin ƙarfe a miƙe, Odell ya yi ta lanƙwasa shi da guduma har ya zama rufi ko ƙofa. Alƙalan gasa suna da ma'aunansu da suke ɗorawa a kan mota, shi kuma ya san duk gurbin da ma'auni ba ya taɓawa. A nan yake ɗan dannawa, ya ɗan ɗaga, iska ta riƙa zamewa a jikin motarmu fiye da ta kowa. Ba mu taɓa kiran wannan sata ba, gwaninta muke ce mata.

Aikin ya ci masa rabin yatsa da jin kunnen hagu. Shekara talatin da ɗaya abincinsa na rana ɗaya ne, burodi da ayaba da mayonis, a zaune a kan wata tsohuwar taya da na gaji da ce masa ta aiki ce.

Sai aka sauya doka. Aka ce daga yanzu jikin mota a kwali zai riƙa zuwa daga masana'anta guda, na wata irin roba mai tauri, kowane ɓangare da lambarsa, kuma ba a yarda a taɓa shi ba. Ɗaurawa kawai za ka yi. Maƙera goma sha huɗu ne a sashen bodi, aka sallami sha uku. Odell ya tsira ne domin tsoho Hartsell ya yi masa alkawari kafin ya rasu, kuma kowa a garejin ya san zaman alfarma yake yi, har shi kansa. Mutumin da ya ƙera motoci sama da ɗari biyu ya koma ɗaure noti.

Duk lokacin sanyi muna kan sabuwar motar. Corinne Abernathy, injiniyarmu, ita ce ke cewa a yi kaza a bar kaza. Tana girmama shi, Baba Odell take ce masa, shi kuma 'yar kwamfuta yake kiranta. In ta nuna masa zane a allo sai ya ce shi bai taɓa ganin allon da ya ci tsere ba. Takan yi dariya ta ce shi ma ai ba ta taɓa ganin ya zauna a bayan sitiyari ba.

Da aka buɗe kakar tsere a watan Fabrairu muka zo na talatin da ɗaya. Mako na gaba na ashirin da takwas, sai na talatin da uku, sai na ashirin da shida. Motar ba ta lalace ko sau ɗaya ba, gudu ne kawai ba ta da shi, kuma wannan ya fi cin rai. Ka loda tirela ranar Laraba, ka yi kwana uku a tsaye cikin ƙara da warin taya, ka dawo Litinin a kwance motar a sake haɗawa, a koma a sake shan kashi. Gwiwoyina suka fara kumbura. Mutane suka daina gaisawa da safe. Har aka samu wanda ya ce wai an gan ni ina ɓare gyaɗa a wurin canjin taya, abin da 'yan tsere suka camfa, shi ya jawo mana rashin sa'a. Na ce ya zo ya faɗa a gabana, bai zo ba.

Bayan tsere na huɗu Grady ya tara mu. Ya ce kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu, wanda sunansa ke jikin motar, ya fara ƙorafi, in ba mu shiga cikin sha biyar na farko ba kafin ƙarshen Afrilu dole ya rage ma'aikata. Ya kalli kowa a ɗakin ban da Odell.

A makon ne aka kawo sabon ɓangaren baya, wanda ke rufe tayar hagu. A wurin haɗinsa akwai wani ɗan tudu da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ni da ido ban gan shi ba, tafin hannun Odell ne ya gano shi. Kwana biyu yana wucewa yana shafawa yana tsaki. Ranar Laraba da rana, mutane sun fita cin abinci, na same shi a durƙushe yana goge tudun da guntuwar samfefa.

Na ce, "Dattijo, ka san fa abin da kake yi?"

Bai ɗago ba. "Lamar, je ka ji da tayoyinka."

"In aka kama, ba tarar kuɗi kaɗai ba ce. Kai za a fara kora."

"Ni dai motar da hannuna ya taɓa ba za ta fita da ƙurji a gindi ba," ya ce, ya hure ƙurar, ya shafa wurin da babban yatsa.

Minti biyar bai kai ba ya gama. Ya kamata in gaya wa wani, ban gaya ba. Gaskiya na gaji da shan kashi, kuma a raina na yarda da hannun nan fiye da duk kwamfutocin garejin.

Ranar Lahadi muka zo na tara. Direbanmu ya fito yana rungumar kowa, Grady ya saya mana soyayyar kaza a hanya. Odell ba ya zuwa filin tsere, a gida ya kalla. Da na shigo Litinin na tarar har aski ya yi. Ya ɗaga mini gira.

Amma motarmu na cikin waɗanda alƙalai suka ɗauka don bincike, kuma na'urarsu ta ga abin da idona bai gani ba. Ranar Talata aka ƙwace makinmu, aka dakatar da shugaban ma'aikatan motar na tsere huɗu. Grady ya kira Odell ofis. Bai yi musu ba, bai ba da haƙuri ba, aka ce Juma'a ce ranarsa ta ƙarshe.

Abin mamaki, kwanakin nan uku ban taɓa ganinsa cikin walwala irin haka ba. Yana tafiya yana fito. Waɗanda suka daɗe ba su kula shi ba suna zuwa suna dafa masa kafaɗa, suna cewa tsohon hannu daban ne. Ya ce mini korar ba ta dame shi ba, dama Faye ta daɗe tana son a gyara mata baranda. Shi dai ya nuna musu, da 'yar samfefa ya ɗaga mota daga ta ashirin da shida zuwa ta tara, ai a haka ya kamata mutum ya bar aiki.

Ni kuwa na san Grady ya sa Corinne ta auna ɓangaren a ɗakin gwajin iska, ko za a samu hujjar ɗaukaka ƙara, kuma na ga yadda take kauce wa Odell tun ranar Alhamis.

Juma'a yana zuba gudumominsa a akwati ta zo yi masa sallama. Ya riƙe hannunta yana murmushi.

"To 'yar kwamfuta, faɗa mini in ji daɗi. Gudu nawa na ƙara wa motar?"

Ta ce ai lissafin bai kammala ba. Ya ce ƙarya ba ta yi mata kyau. Ina bayansa ina girgiza mata kai, ina roƙonta da ido ta faɗi kowace lamba. Ta gan ni sarai, amma Corinne ba ta iya ƙarya ba.

"Babu ko kaɗan, Baba Odell. Sau uku na auna. Da tudun da babu shi, gudun ɗaya ne."

"To na taran fa?"

Ta ce motoci goma sha ɗaya ne suka yi karo a gabanmu saura zagaye ashirin, mu kuma mun riga mun canza taya, shi ya kai mu gaba.

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya ce mata ya gode, ya rufe akwatin. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, na kuma ji tausayinsa. Na ce zan ɗaukar masa akwatin, ya ce in bari.

Motar tana tsaye a kan hanyar fita, an wanke ta don tseren Lahadi da za a yi a nan kusa da gida, kuma wurin da ƙunci, dole sai ka bi ta gefenta. Odell ya rungume akwatinsa da hannu biyu, ya karkata jikinsa, ya wuce bai taɓa ta ba.