Gadar da Ba Ta Kai Ko'ina

Shekarar da aka turo ni kolejin Belbeji koyar da Ingilishi, darasi ɗaya ne ya hana ni sakat. Labarin wani garin shaƙatawa ne a bakin tekun Ingila, shafi biyu da hoto guda wanda ya koɗe.

Na karanta wa ɗalibai tarihin garin. Ƙauyen masunta ne a da, sai likitoci suka ce wankan teku magani ne, attajirai suka yi ta zuwa. Da jirgin ƙasa ya iso, ma'aikata ma suka biyo sahu. Har nan ɗaliban suna bi na. Da muka zo kan abubuwan kallo aka tsaya cik.

Na zana musu doguwar gadar katakon da ta shiga cikin teku.

"Mushe, wane gari take tsallakawa?" in ji wani ɗalibi, don haka suke kiran malami a nan.

"Ba ta tsallakawa. A tsakiyar ruwa ta tsaya."

"Aikin ne ya gagara?"

"Haka aka so ta. Ana tafiya har ƙarshe, a kalli ruwa, a dawo."

Na ci gaba, na ce baƙi suna kwanciya a kan rairayi cikin rana, yaransu na bin layin hawan jaki. Wata ɗaliba, wadda sai ta kora jakuna rijiya kafin ta zo lakwal, wato makaranta, ta ɗaga hannu.

"Don Allah Mushe, jakin nan dai irin namu?"

Dariya ta ɓarke. Raina ya ɓaci, na buga tebur, alhali ba su yi laifin komi ba. Ni kaina ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba. Abin da na haddace nake sauke musu.

Mako na biyu mai duba makarantu ya zo daga Damagaram, ya iske ina bayanin igiyar ruwa da Hausa. Bayan an tashi ya ja ni gefe.

"Malam, da Ingilishi ake koyar da Ingilishi."

"Ranka ya daɗe, kai ka taɓa ganin tekun?"

Ya ce wannan ba ya cikin abin da ya zo dubawa, ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau mota.

A jarrabawa na tambayi dalilin da ke kai mutane garin nan na bakin teku. Da yawa suka rubuta cewa ɗiban ruwa suke zuwa. Na daɗe riƙe da jan biro, na rasa makin da zan ba su. Na rubuta takarda ina roƙon a canza darasin. Amsa ba ta zo ba, da shekara ta zagayo kuma na sake koyar da shi.