Romon Matan Kanisa da Kyanwoyin Bayan Katanga

Shekarun baya ne, a ƙarshen damina, lokacin da baƙar lakar nan tamu ta fara bushewa tana tsattsagewa. Shekarar ta yi albarka. Riɗi ya nuna, dawa ta sunkuyar da kai, duk wanda ka gaisa da shi a ƙauyenmu na gefen Doka sai ya ce alhamdu lillahi da dukan bakinsa. Ni kaɗai nake amsawa da rabin baki, domin 'yata ta biyu tana kwance. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin manya, yadda nake magana haka nake rubutawa.

Zazzaɓi ne da ya ƙi tafiya. Cikinta ya kumbura ta gefen hagu, fatarta ta yi duhu, ƙafafunta suka koma kamar sillen kara. Mun yi jiƙo, mun yi rubutu, shiru. Da mai duba marasa lafiya a Doka ya danna cikin, sai ya ce kalazar ne, cutar da ke kumbura saifa, sai dai asibitin Gadarif. Maigidana yana Gedambaliya wajen yankan riɗi, kuma riɗi ba ya jiran kowa. In ya bar aikin, abincin shekararmu ya bari. Na bar sauran yaran wajen mahaifiyata, na goya yarinya mai shekara bakwai kamar jaririya, muka hau lori.

A asibiti aka fara mata allura kullum, allura mai zafi, wadda manya ma ke cije leɓe. Ita ko kuka ba ta yi, ƙarfin kukan babu. Sistar ɗakin ta kira ni gefe ta ce: "Ya hajja, allurar nan ba ta aiki a jikin da babu abinci. Ki sa ta ci, ko mene ne."

To, me ban gwada ba? Kunun tsamiya, fura da nono, kisra, wato wainar dawa, da miyar kuɓewa, shayi da madara. In na kai cokali bakinta sai ta juya fuska ga bango. Abin da ya shiga da ƙyar kuma sai ya dawo.

Mu masu jinya a ƙarƙashin wata dalbejiya muke wuni, kowa da ɗan murhunta na gawayi. Babbarmu wata tsohuwa ce daga Ƙala'at an-Nahal, Bahaushiya kamar ni, tana jinyar jikanta a gadon da ke kusa da namu. Haboba muke ce mata, wato kaka. Ta riga kowa zuwa, don haka ita ke koya wa sabon shiga inda ake ɗiban ruwa, inda ake shanya, da wace sista ce ba ta son a yi mata magana kafin ta sha shayi.

Ran Lahadi da la'asar sai ga amalanken jaki ya tsaya a bakin ƙofa, da wata ƙatuwar tukunya a kai da buhun burodi. Mata ne, sun yi wajen shida, daga wata kanisa, wato coci, da ke bayan kasuwar hatsi. Yawancinsu mutanen Dutsen Nuba ne, mazansu 'yan ƙwadagon gona kamar namu. Sun tsaya a waje sun sunkuyar da kai sun yi addu'arsu a hankali, sannan suka shigo suna bi gado gado, suna zuba romo, suna tambayar mai jiki. Ba su yi wa kowa wa'azi ba. Shugabarsu doguwa ce baƙa, mai wushirya, da dariya a kusa. Kowa Mama yake ce mata.

Kafin su iso kanmu Haboba ta matso ta raɗa mini: "'Yar nan, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki sa albarka. In sun tafi zan nuna miki inda ake kaiwa."

Na ce, "Kaiwa ina, Haboba?"

Ta ce, "Ke kin san wanda ya yanka? Ba a mayar da hannun kyauta baya, amma kuma ba komai ake kaiwa ciki ba."

Inda ake kaiwa shi ne bayan katangar ɗakin wanki. Na je na tarar da kyanwoyi a jere suna jira, kamar sun san ranar. Wallahi ban taɓa ganin kyanwoyi masu sheƙi irin waɗannan ba. Duk asibitin su kaɗai ne ba su rame ba. Na ci burodin, na zuba musu romon, na dawo ina jin na yi abin da ya dace. Haka kowa ke yi, kuma haka aka daɗe ana yi.

Lahadin da ta biyo baya 'yata ta ƙara lalacewa. Sista ta ce in ba ta fara ci ba za su dakatar da allurar, domin jikin ba zai ɗauka ba, kuma na ga yadda ta kauce wa idona da ta faɗa. Matan kanisa suka zo, Mama ta zuba mini, ta shafa kan yarinyar ta ce Allah ya ba ta lafiya, suka wuce. Na ajiye kwanon a ƙasan gado ina jiran su fita. Sai na ji wata 'yar murya da na kwana biyu ban ji ba.

"Inna, mene ne yake ƙamshi?"

Na ce, "Romo ne, uwata." Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta haka.

Ta ce, "Ba ni."

Na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da Haboba. Carbinta kawai take ja. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Na ji tsoron in sa wa marar lafiya abin da ban tabbata da shi ba a ciki, ga ta a bakin mutuwa da rayuwa. Na kuma ji kunyar tsohuwa. Wanne ya fi yawa, har yau ban sani ba. Na ce wa yarinyar ya yi zafi, bari in fifita shi a waje. Na ɗauki kwanon na nufi bayan katanga ina tafiya kamar wadda aka ɗaure wa dutse a ƙafa.

Ina zagayawa, wa zan gani? Mama, a tsugune, tana ɗauraye tukunyarta a famfon ɗakin wanki. Ta dubi kwanon, ta dubi kyanwoyin da suka taso suna shafa ƙafafuna. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ta ce da Larabci, "Zuba musu, ya ukhti, 'yar'uwata, kada ki ji komai. Duk wahalar da muke yi a asibitin nan, waɗannan kaɗai muka samu suka shiga kanisa."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, sai kuma hawaye ya biyo ta. Ta jawo ni na zauna a kan bakin famfon. Ta ce ta daɗe da sanin inda romonta ke ƙarewa, abin da ba ta sani ba shi ne dalili. Ta tambaya, kowa sai ya ce ya yi daɗi, Allah ya saka. Ta ce, "Na ce ko barkono ne, na cire. Na ce ko gishiri ne ya yi wa marasa lafiya yawa, na yi ta ragewa, har matanmu suna ce mini Mama ruwan zafi kike dafawa. Ke dai gaya mini, don girman Allah."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yanka ne, Mama."

Ta ce, "Yanka." Sai ta dafe goshi. "Kai, ku Hausawa. Wannan ce maganar da ta fi ƙarfin bakinku?"

Na ce ko a kasuwa take sayen naman, don in na ji haka in koma da kwanona. Ta girgiza kai. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Awaki ne da kaji da mutanenmu ke kawowa kanisa na godiyar kaka. Mijina ke yankawa."

Da ta yi mini ƙarya da na gaskata, kuma da na ji daɗi. Ba ta yi ba. Na gaya mata abin da 'yata ta ce. Ta ɗan jima tana kallon tukunyarta, sannan ta ce in jira ta gobe. Romon kuwa, muna magana kyanwoyi sun riga sun sa baki a ciki.

Da na koma hannu wofi yarinyar ta dube ni, ba ta tambaye ni ba. Ta juya ga bango. Wannan juyawar ta fi duk sauran yi mini ciwo.

Washegari da hantsi sai ga Mama ita kaɗai, a ƙafa, da zakara mai rai a hammata yana ta ƙorafi. Ta wuce kai tsaye wajen tsohon mai gadin ƙofa, wani dattijo da ke jan mu sallah wani lokaci, ta ce, "Ya hajj, ga aiki. Ka ɗaga murya da bismillar, akwai masu saurare." Ya yi dariya, ya fuskanci alƙibla, ya yi bismillah da ƙarfi har 'yan ɗakin haihuwa suka ji. Haboba tana zaune tana kallo.

Mama ta miƙa mini zakaran ta ce in dafa da hannuna a tukunyata, ita za ta zauna da yarinya. Na fige, na raba biyu, na dafa rabi. Ni kuwa ba yabon kai ba, a ƙauyenmu in ana suna ni ake kira wajen miya. Na sa daddawa, na sa citta da kanumfari, na kawo da alfaharina. 'Yata ta kurɓa sau ɗaya ta ture cokalin.

"Ba shi ba ne."

Mama ta ƙunshe dariya. Ta ce, "Sauran rabin yana nan?" Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta zauna a murhuna, a tsakiyar matan, ta ce kowa ya buɗe ido ya ga abin da za ta sa. Ba wani abu ba ne. Albasa ta gasa a kan garwashi har bayanta ya yi baƙi, ta jefa ta haka nan. Ta dama ɗan tunkuzar gyaɗa a ruwa ta zuba, da romon ya nuna ta matsa lemun tsami. Shi ke nan. Ƙamshin ya tashi, wanda na bar wa kyanwoyi har sau biyu ban tsaya na shaƙa ba.

Na kai wa yarinyar. Ta sha cokali ɗaya, ta tsaya. Ta buɗe baki. Ta sha har ta ga gindin ƙaramin kwanon, ta ce a tsoma mata burodi. Kuma ya zauna, bai dawo ba. Sista ta zo wucewa ta gani, ta ce, "To, yanzu muka fara magani."

Jikan Haboba ya ce shi ma yana so. Tsohuwa ta ce a kawo ta ɗanɗana tukuna, ba ta ba yaro abin da ba ta sani ba. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta sake kurɓa. Ta dubi Mama ta ce, "Hannunki da daɗi, 'yar nan. Amma ku a kanisarku an hana ku gishiri ne?"

Mama ta yi dariya har ta riƙe ciki. Mu biyu kaɗai muka san dalili.

Daga wannan makon matan kanisa suka sake tsari. Akuyar da rai take zuwa a kan amalanke, mai gadi ya yanka a bakin ƙofa, a girka a ƙarƙashin dalbejiya, mu da su, wannan na yanka albasa, waccan na fifita wuta. Su yi addu'arsu a waje, mu yi bismillarmu a ciki. Kafin a sallame mu kyanwoyin sun fara ramewa kamar kowa.

Da maigidana ya zo ɗaukarmu na ba shi labari, ya ce shi a gonar Gedambaliya da mutanen kanisa yake cin kwano ɗaya, kuma ya taɓa jin wani malami yana cewa yankan ma'abota littafi ya halatta. Wasu na ce haka, wasu na ce ba haka ba. Ni ba malama ba ce, na bar wa masu sani. Abin da na sani shi ne, mu muna ganin kara muke yi wa Mama da muke karɓa muna godiya, alhali matar nan tana can tana rage gishiri saboda mu. Tun daga nan, in mutum ya kawo mini alheri da akwai abin da ya tsaya mini a rai, nakan nemi bakin da zan gaya masa a hankali. Har yanzu yana mini nauyi, amma ina yi. 'Yar tawa yau ita ma uwa ce, kuma in ɗanta ya ƙi cin abinci, albasa take gasawa.

Amma bari in koma ga washegarin ranar da ta sha romon. Da safe, bayan an yi mata allura ta yi barci, na bar wa Haboba amanarta. Na bi ta kasuwa na sayi gishiri, mai kyau, fari tas, na ƙulle a gefen mayafina. Na yi ta tambaya har aka nuna mini kanisar, ginin laka da rufin kwano. A rayuwata ban taɓa tsayawa a irin wannan ƙofa ba. Na tsaya, na gyara mayafi, na yi sallama. Mama ta fito da tsintsiya a hannu. Na kwance ƙullin na miƙa mata da hannu biyu.

Na ce, "Na Lahadi ne. Ki sa yadda kika saba."