Miyar kuka a hanyar Cameron

Muna hawan tsaunin Cameron na Malesiya a motar haya mai gado da kicin, hanya sai lanƙwasa take, kawai tukunyar miyar kukar abokina Bashir ta kife kan katifa. Tun a unguwarmu Wangsa Maju na ce ya bar ta, ya ƙi. Haka muka zaga gonakin shayi muna warin daddawa.

Da muka mayar da motar, mai ita ya leƙa, ya toshe hanci.

"Wani abu ya mutu a ciki ne?"

Bashir ya ce, "Miya ce, ranka ya daɗe."

"Sai kun wanke, lah."

Kuma duriyan, ɗan itacen nan mai tsananin wari, yake ci a tsaye. Jama'a, tsakaninmu da shi, wa ya kamata ya toshe hanci?